Wasan yaƙi a kan tebur: Me ya haɗa shi da darar Sakkwato?

A biranen Turai da Amurka, akwai dubban magidanta da ke haɗuwa mako-mako a ƙananan ƙungiyoyin unguwa domin su sake gwabza yaƙe-yaƙen da aka gama tun shekaru aru-aru. Tebur ne fagen famarsu, mayaƙan kuwa 'yan sojojin roba ne ko na dalma, waɗanda tsawonsu bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai iya ɗauka cewa wasan yara ne da manya suka ƙi bari. Sai dai tarihi ya nuna cewa a hannun hafsoshin soja wasan ya girma, kuma har yau rundunonin manyan ƙasashe na amfani da wani nau'insa kafin su tura dakaru filin daga.

Ga mutumin Sakkwato, batun yana da fuska uku. Birnin na da tsohuwar al'adar zaman dara, wadda ita ma gwajin dabara ce tsakanin mutum biyu. Yana kuma da tarihin yaƙe-yaƙe da aka rubuta dalla-dalla, daga Tabkin Kwatto zuwa Giginya. Sannan gari ne na malamai, inda ba a karɓar sabon wasa sai an tambayi matsayinsa a shari'a.

Yaya ake yin wasan?

Galibi ana amfani da tebur mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4. A kansa ake shimfiɗa ƙyalle mai launin ƙasa ko na ciyawa, sannan a jera tuddai da koguna da kurmi da ganuwar gari, waɗanda ake haɗawa da kwali da soso da yashi.

Kowane ɗan wasa yakan zo da rundunarsa. Tsawon mafi yawan sojojin milimita 15 ne ko 28, kuma mai su ne ke zama ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya, yana bin abin da littattafan tarihi suka faɗa game da tufafi da tutocin kowace runduna. Wannan aiki kaɗai kan ci watanni. Soja guda a kan tebur na iya wakiltar mutum 20 ko 50 ko fiye, gwargwadon girman yaƙin da ake kwaikwaya.

Babu gurabu kamar na dara. Da tef irin na tela ake auna tafiya, kuma littafin ƙa'idoji ne ke fayyace nisan da kowane rukuni zai iya ci a zagaye ɗaya. Alal misali, mahayin doki ya yi inci 12, mai tafiya a ƙasa inci 6, idan kuma cikin fadama ne ko kurmi a rage musu rabi. Haka nan akwai iyakar inda kibiya ko harsashi zai kai.

Idan rukuni biyu suka yi arba, sai a jefa ƙwaya mai fuska shida irin ta lido. Ana ƙara wa mai jifa maki idan mutanensa na kan tudu, ko suna bayan ganuwa, ko sun fi horo. Ana kuma rage masa idan sun gaji ko an ɓullo musu ta baya. Yawancin ƙa'idojin suna auna har da ƙarfin zuciya, ta yadda rukunin da ya rasa jagoransa zai iya watsewa ko da sauran mutanensa na da yawa.

Ɗaya daga cikin sanannun littattafan ƙa'idojin shi ne wanda ake kira DBA a taƙaice, wanda aka fara bugawa a Birtaniya a shekarar 1990. A cikinsa kowane ɓangare na da rukuni 12 ne kacal, wanda ya riga rasa 4 ya sha kaye, kuma ana iya kammala wasa cikin sa'a guda. Jerin rundunonin da ya tanada ya haɗa da na daulolin Afirka ta Yamma irin su Mali da Songhai.

Amfanin ƙungiya shi ne, da wuya mutum guda ya mallaki duk kayan da ake buƙata. Mambobi kan yi karo-karo su kama hayar zaure na maraice ɗaya a mako, su ajiye teburansu a ciki, su kuma ara wa sabon shiga runduna har ya haɗa tasa. A bisa al'ada ba a ɗora kuɗi a kan sakamakon wasa. A birnin Landan, wata irin wannan ƙungiya mai suna South London Warlords ce ke shirya baje-kolin Salute na shekara-shekara, wanda ke cikin mafiya girma a Turai.

Daga ina ya samo asali?

Tunanin mayar da yaƙi wasa daɗaɗɗe ne. Tun wajajen ƙarni na 6 ake buga wani wasa a Indiya mai suna caturanga, wanda ke kwaikwayon sassa huɗu na rundunar wancan zamani: giwaye, dawaki, karusai da dakarun ƙasa. Shi ne ya ratsa Farisa ya isa ga Larabawa da sunan shaɗaranji, daga bisani ya zama wasan ces da aka sani a yau.

Wasan ya iso har masarautar Borno. A shekarun 1930 wasu jami'an mulkin mallaka sun rubuta cewa ana buga shi a can da sunan tsatsarandi, kuma 'ya'yan wasan na ɗauke da sarautu irin su Mai da Ciroma da Kaigama.

To sai dai shaɗaranji ya yi nesa da yaƙi na zahiri. Filinsa a baje yake, rundunonin biyu daidai wa daida suke, kuma kowa na kallon kayan abokin karawarsa tun daga farko.

Wannan giɓi ne wani jami'in daular Furushiya, wadda daga baya ta jagoranci haɗe kan Jamus, ya nemi cikewa. A shekarar 1812 Georg Leopold von Reisswitz ya gabatar wa sarkin ƙasar wani teburin wasa mai tuddai da koguna. Ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar igwa, ya gyara shi a shekarar 1824, inda ya mayar da wasan kan taswirar ƙasa ta gaskiya.

A tsarin ɗan, ƙananan tubala ne na ƙarfe ke wakiltar rukunonin soja, na ɓangare ɗaya ja, na ɗayan shuɗi. Kowane zagaye daidai yake da minti 2 na yaƙi. Babban sabon abin da ya kawo shi ne alƙalin wasa. 'Yan wasa ba sa motsa kayansu da kansu. Suna rubuta umarni ne su miƙa wa alƙali, shi kuma ya nuna musu abin da mutanensu za su iya hangowa kawai daga inda suke. Saƙo na iya makara a hanya, kwamanda na iya kai hari kan tudun da abokin gaba ya riga ya bari.

Da aka gwada wasan a gaban babban hafsan hafsoshin ƙasar, Janar Karl von Müffling, ya bayyana shi a matsayin horon yaƙi, ya kuma ba da shawarar a yaɗa shi a cikin rundunar baki ɗaya. Bayan Furushiya ta murƙushe Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, ƙasashe da dama sun danganta wani ɓangare na nasarar da wannan horo, suka kwaikwaye shi. Al'adar kiran ɓangarori biyu na atisayen soja da "ja" da "shuɗi" ta wanzu har yau.

Yadda ya fita daga bariki

A shekarar 1873 ɗalibai a jami'ar Oxford suka kafa ƙungiyar buga wasan don nishaɗi. Amma wanda ya buɗe ƙofar ga sauran jama'a shi ne marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, wanda ya wallafa littafin Little Wars a shekarar 1913. Ƙa'idojinsa masu sauƙi ne: a jera sojojin dalma a tsakar ɗaki, a riƙa harbinsu da 'yar igwar wasa mai sifirin, wanda ya faɗi ya mutu.

Wells mutum ne mai ƙin yaƙi. Hujjarsa ita ce, duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi sau uku ko huɗu zai gane irin ruɗani da ɓarnar da ke cikin babba. Shekara guda bayan fitar littafin, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasan ya sake farfaɗowa, musamman da fitar littafin War Games na Donald Featherstone a shekarar 1962. Daga nan ya rabu gida biyu. Akwai masu bin tarihi, waɗanda ke sake buga yaƙe-yaƙen Rumawa, ko na Napoleon, ko na mamayar Afirka. Akwai kuma masu bin duniyar tatsuniya da ta sararin samaniya, waɗanda akasari ke buga wasan Warhammer da kamfanin Games Workshop ya fitar a shekarar 1983.

Kamfanin, wanda aka kafa a Landan a shekarar 1975 kuma hedkwatarsa ke birnin Nottingham, ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannayen jari ta Landan a ƙarshen shekarar 2024. Kuɗin shigarsa na shekarar da ta ƙare a tsakiyar 2025 ya haura fam miliyan 600.

Ina dara ta shigo?

A ƙofar gidaje da bakin kasuwanni na Sakkwato da ƙauyukan da ke kewaye da ita, an daɗe ana zaman dara a inuwar dogon yaro, musamman da rani bayan an kawar da amfanin gona. Ba ta buƙatar sayen komai. Ana haƙa gurabu 30 a ƙasa, layi 5 masu gurbi shida-shida. Ɗan wasa ɗaya ya riƙe tsinken kara 12, ɗayan kuma tsakuwa 12.

Wasan mataki biyu ne. Da farko kowa na dasa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ya jera uku a wannan lokaci ba. Idan an gama, gurabu 6 ne kawai ke saura babu kowa. Daga nan sai a fara tafiya, taki ɗaya gaba ko baya ko gefe. Duk wanda ya jera uku a layi zai cire ɗa guda na abokin karawarsa. Jera huɗu ba ya ci. Wanda ya kasa sake jera uku shi aka cinye.

Gwanaye sun san cewa tun wajen dasawa ake cin wasa ko a faɗi. Burin kowa shi ne ya kafa abin da ake kira doki, wato tsarin da ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin gurabu biyu yana cika layi a kowane motsi. Wanda aka kafa wa doki, sai dai ya zuba ido ana kwashe masa kaya.

Wani masanin wasanni ɗan Birtaniya, R. C. Bell, ya sanya dara cikin littafinsa na wasannin al'ummomin duniya da ya fito a shekarar 1960, inda ya danganta ta da Dakarkari na ƙasar Zuru, wadda ke cikin tsohuwar jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991. Ana buga ire-irenta a Jamhuriyar Nijar da wasu sassan Sahel.

Kamancin da ke tsakanin wasannin biyu a fili yake: mutum biyu, runduna biyu, zaɓen wurin tsayawa kafin a gwabza, da 'yan kallo masu sa baki ko ba a tambaye su ba. Majalisar dara ita kanta ƙungiya ce, duk da cewa ba ta da rajista ko kuɗin shiga. Bambancin shi ne, a dara babu abin da ke ɓoye, kuma babu sa'a. Wasan yaƙi kuwa an gina shi ne a kan tambayar da dara ba ta yi: me jagora zai yi idan bai san inda abokin gaba yake ba, kuma ba shi da tabbacin mutanensa za su tsaya?

Yaƙe-yaƙen Sakkwato a kan tebur

Masu bin ɓangaren tarihi na buƙatar abu uku kafin su shirya wasa: yanayin filin, yawan mayaƙa da irin makamansu, da kuma bayanin yadda aka kwashe. Daular Usmaniyya na cikin daulolin Afirka ƙalilan da shugabanninsu suka rubuta irin wannan bayani da hannunsu. Muhammadu Bello ya yi haka a cikin Infaƙul Maisur, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma a cikin Tazyinul Waraƙat. A shekarar 1977 wani Ba'amurke, Joseph Smaldone, ya wallafa littafi guda a kan dabarun yaƙin daular.

Misali na farko shi ne Tabkin Kwatto, kusa da Gudu, a watan Yunin 1804. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade masu yawa, ciki har da 'yan lifidi. Jama'ar Shehu Usmanu, ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi, galibinsu 'yan baka ne, dawakinsu kuwa ba su wuce kimanin 20 ba. Idan da ƙidayar dawaki ake yanke hukunci, da Gobirawa ne da nasara. Amma da baraden suka danne gefuna biyu na jama'ar, sai suka dunƙule wuri guda a tsakiya, 'yan baka suka yi ta ruwan kibau har rundunar Gobir ta karye. Wanda ya jera wannan yaƙi a kan tebur zai ga da idonsa abin da ya sa doki mai lifidi ke rasa amfaninsa idan ya tarar da sahun da ya ƙi watsewa.

Misali na biyu shi ne Giginya, a bayan ganuwar Sakkwato, ranar 15 ga watan Maris na 1903. Kanar Morland ya iso da sojoji kimanin 650, waɗanda akasarinsu 'yan Afirka ne, da bindigogi masu ruwa 4 da igwa 4. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda bai cika wata shida a kan gado ba, ya jagoranci tsakiyar rundunarsa ta dubban mutane, yayin da Marafa Maiturare da Sarkin Rabah Ibrahim suka riƙe gefuna biyu. Sojojin Turawa sun tsaya a sahu mai kusurwa huɗu, suka buɗe wuta tun daga nesa. Faɗan bai ɗauki lokaci mai tsawo ba, ko da yake wasu mayaƙa sun tsaya kan tuta har aka kashe su.

A nan ne ɗan wasa zai iya gwada tambayoyin da ɗaliban tarihi kan yi. Da an fake a bayan ganuwa fa? Kano ta gwada haka ranar 3 ga Fabrairu, igwa ta fasa ƙofa. Da an auka wa sahun da dawaki gadan-gadan fa? Wazirin Kano Ahmadu ya yi haka a Kwatarkwashi a ƙarshen wannan wata, a can ya rasu. Saura kuma harin dare, ko tare hanyar 'yan dako da rijiyoyi, waɗanda tebur ne kawai zai iya gwada su a yau.

Misali na uku ya nuna cewa sahun Turawan ma yana karyewa. A Satiru, kudu da Sakkwato, ranar 14 ga Fabrairun 1906, talakawa masu gatura da fartanyu da kibau sun auka wa wata rundunar sojojin doki kafin ta gama daidaita sahunta, suka kashe Turawa 3 da sojoji kimanin 25. Irin wannan tuntuɓe na 'yan mintoci shi ne abin da ƙwayar da ake jefawa ke wakilta a wasan. A watan Maris aka dawo da babbar runduna, aka kashe mutane kimanin 2,000, aka shafe garin.

Sai dai akwai abin da tebur ba zai iya aunawa ba. Muhawarar da ta fi nauyi a Sakkwato a 1903 ita ce tsakanin yaƙi da hijira da sulhu. Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da ɗimbin jama'a, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. Waziri Buhari ya tsaya ya yi sulhu domin kare waɗanda suka rage, ya kuma rubuta wasiƙa ga malamai yana bayyana dalilinsa. Babu littafin ƙa'idojin da ke da maki na irin wannan zaɓi, kuma jikokin mutanen da abin ya shafa suna raye a birnin.

Me malamai suka ce?

Abubuwa biyu ne a cikin wasan za su ja hankalin duk wanda ya yi karatun zaure: ƙwayar da ake jefawa, da kuma siffar 'yan sojojin.

Game da ƙwaya, akwai hadisai a Sahihu Muslim da Muwaɗɗa Malik da suka yi kakkausan hani ga wasan nardi, wanda da ita ake buga shi. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a ko'ina a ƙasar Hausa, ya hana nardi da shaɗaranji gaba ɗaya. Malaman Shafi'iyya kuwa sun bambanta tsakanin wasan da ya dogara ga sa'a, wanda suka haramta, da wanda ya dogara ga lissafi da tunani, wanda suka ajiye a matsayin makaruhi. Daga cikin na baya-bayan nan, Sheikh Yusuf Alƙardawi ya halatta shaɗaranji bisa sharuɗɗa uku: kada ya sa a jinkirta salla, kada caca ta shiga, kuma a kiyaye harshe.

Game da siffa, mazhabar Malikiyya ta haramta mutum-mutumin abu mai rai idan yana da inuwa kuma gaɓoɓinsa sun cika, amma ta keɓance 'yar tsanar yara mata, bisa hujjar kayan wasan Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Ko wannan rangwame ya shafi sojojin da baligi ke tarawa, tambaya ce da malamai ke da hurumin amsawa.

Abin lura dai shi ne, tarihin wasan ya nuna cewa babu ɗaya daga cikin biyun da ya zama tilas. Tsarin Reisswitz na 1824 ba shi da mutum-mutumi ko ɗaya, tubala ne zalla a kan taswira, kuma da irinsu hafsoshi ke aiki har yau. Ita ma ƙwayar, a shekarar 1876 wani hafsan Jamus mai suna Julius von Verdy du Vernois ya fitar da tsarin da ya yi watsi da ita, ya bar wa gogaggen alƙali ikon yanke sakamakon kowace arangama bisa hujjojin da ke gabansa.

Idan aka ƙi karɓar sakamako

Darasin da ya fi shahara a tarihin wasan ya shafi abin da ke faruwa idan shugabanni suka ƙi jin abin da tebur ya gaya musu.

A watan Mayun 1942, hafsoshin ruwan Japan sun gwada shirinsu na kai hari tsibirin Midway. Alƙalin wasa ya yanke cewa jiragen saman Amurka sun nutsar da manyan jiragen ruwa biyu masu ɗaukar jiragen yaƙi, Akagi da Kaga. Admiral Matome Ugaki, wanda ke shugabantar zaman, ya rage yawan bama-baman da suka same su, daga baya ma aka mayar da wanda ya nutse cikin wasa. A watan Yuni aka yi yaƙin na gaskiya, Japan ta rasa irin waɗannan jirage 4, ciki har da biyun.

Shekaru 60 bayan haka, Amurka ta gudanar da wani babban atisaye mai suna Millennium Challenge a 2002. Janar Paul Van Riper mai ritaya, wanda aka ba ɓangaren ja, ya yi amfani da 'yan aike a kan babura da ƙananan kwale-kwale, ya nutsar da jiragen ruwa 16 na ɓangaren shuɗi a kwanakin farko. Sai aka dakatar da atisayen, aka dawo da jiragen, aka ɗaure wa ɓangaren ja hannu da sababbin sharuɗɗa. Janar ɗin ya ajiye jagorancin.

Me ake buƙata kafin ya samu gindin zama?

Kuɗi na daga cikin manyan cikas. Akwati guda na sojojin roba da ake sayarwa fam 30 zuwa 40 a Ingila ya yi kusan daidai da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Najeriya a shekarar 2024, ban da kuɗin fenti da na jigila. Amma tsarin taswira da tubala ba ya buƙatar fiye da aikin kafinta na yini guda, da takarda mai faɗi, da mutum uku: 'yan wasa biyu da alƙali.

Kayan binciken ma suna kusa. Cibiyar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato na adana rubuce-rubuce da kayan tarihi na daular, sannan ga sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Cikas na biyu ya fi na kuɗi nauyi. A jihar da ƙauyukan Isa da Sabon Birni suka sha fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma hukumomin tsaro suka sanar da ɓullar ƙungiyar Lakurawa a shekarar 2024, wadda ta addabi yankunan Tangaza da Gudu, ba kowa ne zai ji daɗin haɗa kalmar "yaƙi" da kalmar "wasa" ba. Mutanen da suka kwana a daji ba sa buƙatar tebur ya nuna musu illar yaƙi.

Masu goyon bayan wasan kan amsa da hujja irin ta Wells, cewa wanda ya ga yadda kyakkyawan shiri ke wargajewa saboda saƙo ɗaya da ya makara zai rage gaggawar kiran a ɗauki makami. Malaman tarihi a wasu jami'o'in Turai da Amurka na amfani da shi a aji kan wannan dalili, domin ɗalibi ya zauna a mazaunin wanda ya yanke shawara ba tare da sanin abin da gobe za ta haifar ba.

Sharaɗin da ke kan gaba, kamar yadda labarin Midway ya nuna, shi ne 'yan wasa su yarda da hukuncin alƙali ko da bai yi musu daɗi ba. A majalisar dara ta Sakkwato wannan tsohuwar ƙa'ida ce: wanda aka cinye yakan tattara tsinkayensa ne, a gyara gurabu, ya ba na gaba wuri.